An'am ko Khadija? Ku taimaka min kafin ranar suna

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Allah Ya sauki maiɗakina lafiya ranar Talata da hantsi, an samu 'ya mace, ita da jaririyar duk lafiya lau alhamdu lillahi. To amma har yanzu ban yi huɗuba ba saboda mun kasa daidaitawa a kan suna. Ni tun cikin yana wata biyar na ƙudurta in mace ce sunan Hajiyarmu zan sa, wato sunan Nana Khadija, don Khalifa sunan mahaifin maiɗakin nawa ya ci. Ita kuma ta ce ta samo wani suna a intanet, An'am, wai ma'anarsa baiwar Allah kuma har sura guda ke gare shi a Alƙur'ani. Da na matsa sai ta nuna min a wayarta wai Khadija ma'anarsa bakwaini, ta ce ita ba za ta haifi 'yarta wata tara cif a kira ta bakwaini ba. Wallahi jikina ya yi sanyi. Don Allah masu ilimi, gaskiya ne wannan? Kuma shi An'am ɗin fa?

Maman Afnan:
Wa alaikumus salam, barka barka Baban Khalifa, Allah Ya raya ta bisa sunna. Ni dai gaskiya ina bayan maijego. Ita ta yi laulayi, ita ta yi naƙuda, ita za ta sha ruwan zafi kwana arba'in, a ce ko suna ba za ta zaɓa ba? Kuma ku duba ajin yaranku, kowane benci akwai Khadija da A'isha da Fatima, malami ya kira ɗaya biyar su miƙe. Ba laifi ba ne mutum ya so 'yarsa ta fita daban.

Ɗalibar Larabci:
Barka da arziki Yaya. Don Allah kar a yi huɗuba da An'am sai an ga yadda aka rubuta shi da Larabci, nan ne matsalar take. Boko ba ya nuna ainun, ba ya nuna jan wasali, sai kalmomi huɗu daban daban su zo da kama ɗaya.
An'aam mai ainun da ja a bayanta, wanda shi ne sunan sura ta 6, jam'in dabbobin kiwo ne, raƙuma da shanu da tumaki da awaki. A cikin Suratul A'araf aya ta 179 da Allah Ya zargi waɗanda suke da zuciya ba sa fahimta da ita cewa Ya yi ula'ika kal an'aam, waɗannan kamar dabbobi suke. To shi ne sunan surar da Anti take nufi.
In'aam da kasra a farko shi ne yin ni'ima, kyauta, baiwa, wannan suna ne mai kyau kuma Larabawa suna sa wa mata. An'um jam'in ni'ima ne, yana ƙarshen Suratun Nahli inda aka yabi Annabi Ibrahim da shakiran li an'umihi. Sai Anaam marar ainun, talikai ke nan, yana Suratur Rahman aya ta 10. Ina kyautata zaton mai shafin In'aam yake nufi ko An'um sai ya cakuɗa da sunan surar don abin ya ƙara armashi.

Maman Afnan:
Innalillahi. To ni yanzu kin sa gabana faɗuwa 'yar'uwa, Afnan fa? Shekararta shida.

Ɗalibar Larabci:
Kwantar da hankalinki Anti, Afnan rassan bishiya ne, zawata afnan, siffar gidajen Aljanna biyu a Suratur Rahman aya ta 48. Lafiya lau yake. Haka Tasnim da Salsabil idanun ruwa ne a Aljanna, Sundus alhariri mai laushi, Rayyan ƙofar da masu azumi za su shiga. Abin da nake jan hankali a kai kawai shi ne zuwan kalma a Alƙur'ani ba ya mayar da ita sunan yanka, ai Fir'auna da Hamana da Ƙaruna duk suna ciki.

Malam na Tudun Wada:
Allah Ya raya, Ya sa mahaddaciya ce. Ɗiyata ta gama magana a kan An'am, ba abin da zan ƙara. Bari in taɓa ɗaya ɓangaren don shi ya fi damun mai tambaya.
Baban Khalifa, iyalinka ba ta yi ƙarya ba. A lugga in taguwa ta haihu kafin lokacinta Balarabe yana cewa khadajat, abin da aka haifa kuma khadij, daga nan Khadija ya fito. Amma in da wannan ma'aunin za mu bi to sai mu zubar da rabin sunayen da muke tinƙaho da su. Bakr saurayin raƙumi ne, Abubakar kuma alkunya ce ma, sunansa na yanka Abdullahi. Usman a littattafan lugga ɗan tsakon tuje ne, wasu suka ce ɗan maciji. Fatima daga yaye yake. Abbas mai yawan ɗaure fuska. Ɗalha itaciyar ƙaya ce ta sahara. Hanzala, sahabin da mala'iku suka yi wa wanka a Uhudu, sunansa kwartowa ke nan, wannan mai ɗacin. Ja'afar ƙorama. Usama da Haidar zaki. Mutanen daji ne masu kiwo da yaƙi, abin da idonsu yake gani shi suke sa wa 'ya'yansu, har ana ba da labarin an tambayi wani Balaraben ƙauye don me kuke sa wa 'ya'yanku sunaye masu kaushi bayinku kuma masu daɗi, ya ce 'ya'yanmu don abokan gaba muke sa musu suna, bayinmu kuwa don kanmu.
To abin lura a nan, Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam ya canza wa mutane suna ba ɗaya ba ba biyu ba. 'Yar Sayyidina Umar sunanta Aasiya da ainun da sadun, mai saɓo, ya mayar da ita Jamila, yana cikin Muslim, kuma kar a haɗa da Asiya matar Fir'auna, wannan rubutunsa daban. Nana Juwairiyya sunanta Barra, wato mai nagarta, ya canza, Zainab 'yar Jahshi ma haka, saboda akwai yabon kai a ciki. Kakan Sa'idu bin Musayyib sunansa Haznu, wato ƙasa mai tauri, ya ce masa kai Sahlu ne, wato mai sauƙi, ya ce ba zan canza sunan da ubana ya sa min ba, Sa'idu ya ce tun daga nan kaushin hali bai bar gidanmu ba, wannan Bukhari ne. Mutumin da yake lura da suna har haka ya zauna da Nana Khadija shekara 25 bai taɓa sunanta ba. Ita ce farkon wanda ya yi imani da shi, duk 'ya'yansa ita ta haifa in ban da Ibrahim, Jibrilu ya kawo mata gaisuwa daga Ubangijinta da bushara da gida a Aljanna. Yau in ka ce Khadija daga Kano har Jakarta ba wanda bakwaini zai zo masa a rai.

Baban Khalifa:
Allah Ya saka da alheri Malam, wallahi kamar an sauke min dutse. Yanzu zan tura mata.

Abu Hanan:
Malam Allah Ya ƙara lafiya, amma ina da ja kaɗan. In ma'anar lugga ba ta da nauyi a Khadija me ya sa ta yi nauyi a An'am? Kar ya zama tsofaffin sunaye muna yi musu uzuri sababbi kuma muna bin su da sanda.

Malam na Tudun Wada:
Tambaya ce mai kyau ɗana. Bambancin shi ne Khadija akwai wadda ta riga ta ɗauke shi ta cika shi da daraja, in ka sa wa 'yarka ita kake nufi ba taguwa ba. An'aam kuwa ba wata baiwar Allah da ake koyi da ita da ta ci sunan, ba abin da ya rage masa sai ma'anarsa, kuma ma'anar tana nan da rai, duk yaron da ya kai izu na wannan surar a Islamiyya za a fassara masa ita a gaban yarinyar. Sabon suna ba haramun ba ne, Hanan ɗin da kake alkunya da shi ma yana Suratu Maryam, tausayi ke nan. Sharaɗin dai a san abin da aka sa.

Kawu Tanko:
Ni tawa damuwar daban ce, ku yi haƙuri da tsoho. Kowa Larabci Larabci, yanzu ma an wuce Larabcin an koma sunayen fina-finan Indiya da na Turkiyya. Ni sunana na yanka Muhammadu amma ba wanda ya san ni da shi, Tanko ake ce min don mata uku na bi. Ƙanwar babana Delu ce don ita maza ta bi. Wanda ya bi tagwaye Gambo, na ƙarshe Auta, wanda aka haifa ana ruwa Anaruwa, na watan azumi Azumi ko Ɗan'azumi, wanda ya daɗe a ciki Shekarau, mai yatsa shida Cindo, wadda 'ya'yanta ba sa zama in ta samu sai a ce Ajuji ko Barau. Ka ji suna ka san labarin mutum tun kafin ya buɗe baki. Wannan jaririyar da a gidanmu ne ko me liman ya raɗa mata Talatu za a kira ta. Yanzu jikokina takwas ba ko ɗaya da zan iya gaya maka ranar da aka haife shi daga sunansa.

Abu Hanan:
Kawu ai waɗannan na zamanin maguzanci ne, Musulunci ya zo ya kawo mana waɗanda suka fi su.

Goggo Azumi:
A'a yaro, bi a hankali. Azumin nawa ne maguzanci? Ko Ɗanjuma da Jummai? Su kansu sunayen ranakun Lahadi, Litinin, Talata har Asabar ai daga Larabci muka aro su. Mahaifina almajiri ne ya yi saukar Alƙur'ani ya rubuta da ka, shi ya sa min Hauwa'u kakata ta sa min Azumi, bai taɓa cewa ta yi saɓo ba.

Malam na Tudun Wada:
Gaskiyar Goggo ce. Ba sharaɗi ba ne suna ya zama Larabci. Yawancin sunayen annabawa ma ba Larabci ba ne, duk wanda ya yi nahawu ya san Ibrahim, Isma'il, Ishaƙ, Yaƙub, Yusuf, Yunus ba sa karɓar tanwini saboda ajamanci, waɗanda malamai suke lissafawa na Larabawa su ne Hudu, Salihu, Shu'aibu da Muhammadu, tsira da aminci su tabbata a gare su. Isma'il a Ibrananci Allah Ya ji ke nan, Ishaƙ kuma daga dariya, ka je Suratu Hud aya ta 71 ka ga matar Annabi Ibrahim tana tsaye ta yi dariya sai aka yi mata bushara da Ishaƙ. Mariya uwar Ibrahim daga Masar ta zo da sunanta ba a canza ba. Abin da aka hana shi ne bautantar da yaro ga wanin Allah kamar Abdul Ka'aba da Abdul Uzza, ko sunan da Allah kaɗai ke da shi, ko mummunar ma'ana, ko yabon kai. Tanko bai shiga ko ɗaya ba.

Ɗalibar Larabci:
Kuma wani abin da yake burge ni shi ne yadda kakanninmu suka ɗauki na Larabcin suka narkar da shi ya zama namu. Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, Ashiru ƙirga ce kawai ta Larabci daga na biyu zuwa na goma, Auwalu ko Lawal na farko, saboda uba ɗaya zai sa wa 'ya'yansa duka Muhammadu sai a bambance su da lamba. Ka je ƙasar Larabawa ka ce sunanka Salisu za su tsaya jiran ka ƙarasa. Ya'u guntun Zakariya'u ne, Kallamu na Musa daga Kalimullahi, Sadiya laƙabin Halima ce saboda ƙabilarta Banu Sa'ad, Kubura na Khadija, Binta na Fatima alhali a Larabci bintu 'ya ce kawai. Sai waɗanda ba ruwansu da Larabci sam amma mun manna su, Garba ga Abubakar, Sanda ga Umaru, Indo ga A'isha, Kulu ga Hauwa'u, Abu ga Zainabu, Shehu kuma ya zama na duk Usman saboda Mujaddadi.

Ɗan Damagaram:
Sannunku 'yan'uwa. A wajenmu Nijar abin da ya ƙara rikita lamarin rubutun Faransanci ne. Yusuf ya zama Issoufou, Muhammadu ya zama Mahamadou, kun dai san tsohon shugabanmu da ya yi mulki daga 2011 zuwa 2021 duka biyun ya haɗa. A'isha Aïchatou, Khadija kuma Hadiza ko Hadizatou ko Kadidja gwargwadon wanda ya riƙe alƙalami ran da aka je yin takardar haihuwa. Ɗan wana yana karatu a Sakkwato, takardarsa ta firamare Ousseini, ta jami'a Hussaini, fasfo kuma wani abu daban, ya yi wata biyu yana zirga-zirgar rantsuwa a kotu kafin a yarda mutum ɗaya ne. Baban Khalifa ko wane suna kuka tsayar ka zauna ka zaɓi rubutu ɗaya tun daga katin asibiti, Khadija ko Khadijat ko Hadiza, kar ka bari kowane ofis ya rubuta nasa.

Ɗan Zangon Kumasi:
Mu nan tagwaye Alhassan da Fuseini ne, mata Hassana da Fuseina. Sai da na girma na san Hasan da Husaini jikokin Annabi ba tagwaye ba ne, ɗaya shekara ta 3 bayan hijira ɗaya ta 4.

Goggo Azumi:
Kai ka tuna min. Nana Asma'u 'yar Shehu da aka haifa 1793 ai 'yar tagwaye ce, abokin haihuwarta Hassan, amma Shehu bai sa mata Hassana ko Usaina ba ya sa mata Asma'u. Ga shi yau duk Asma'un da ke ƙasar nan sai an ce mata Nana.

Kawu Tanko:
Ko jerin sarakunan Kano ka duba za ka ga yadda abin ya shigo sannu a hankali. Bagauda, Warisi, Gijimasu, can sai Yaji wanda Wangarawa suka zo a zamaninsa ana ce masa Ali, gaba kaɗan sai Umaru, Dauda, Abdullahi Burja, Yakubu, har Muhammadu Rumfa da ya hau 1463. Ka ga na Musulunci a gaba na gida a baya, ba wanda ya kori wani. Abin da nake roƙo ke nan a ci gaba da yi.

Ummu Sudais:
Tunda malamai suna kusa bari in sako tawa. Ɗana Abdurrahman ne amma a makaranta Abdul suke ce masa, wasu kuma Rahman, na yi magana har na gaji.

Malam na Tudun Wada:
Ci gaba da magana kar ki gaji. Sunan da kika sa masa yana cikin biyun da hadisin Muslim ya ce Allah Ya fi so, Abdullahi da Abdurrahman. Abdul shi kaɗai guntuwar magana ce, kamar ki ce bawan ki yi shiru, ba zunubi ba ne amma an yanke sunan a tsakiya. Rahman kuwa shi ne ba ya halatta a kira mutum da shi, na Allah ne Shi kaɗai, haka Samad ga Abdussamad. Gara Abdu ko Audu irin na iyayenmu. Sannan maganar nan da ake yawan faɗa a wajen suna wai mafi alherin sunaye wanda aka hammada ko aka abbada, wato irin su Muhammadu da masu farawa da Abdu, malaman hadisi sun ce ba ta da asali da wannan lafazin, a daina jingina ta ga Annabi.

Maman Afnan:
Na ji duk bayanan kuma na ƙaru wallahi, An'am dai a bar shi. Amma ba a amsa min tawa ba. Uwa ba ta da haƙƙi a sunan ɗanta ne? Don a gidaje da yawa sai dai maijego ta ji suna a bakin maroƙi kamar baƙuwa, wannan ba daidai ba ne.

Malam na Tudun Wada:
Hajiya in aka yi jayayya aka kasa sulhu malamai sun ce na uba ne, don da shi ake kiran yaro, ud'uhum li aba'ihim a Suratul Ahzab. Amma wannan hukuncin ƙarshe ne ba a fara da shi. Mace ɗaya tak da aka ambaci sunanta a Alƙur'ani ita ce Maryam, kuma wa ya sa mata? Mahaifiyarta, wa inni sammaituha Maryam, Ali Imrana aya ta 36. Don haka abin da kika faɗa na maroƙi ni ma ba na goyon bayansa, a zauna da ita a yi shawara tun kafin haihuwa ma.

Goggo Azumi:
Ni kuma abin da na ga kun manta gaba ɗaya, in aka sa sunan Hajiya wa zai iya kiran yarinyar da shi a gidan? Shi Baban Khalifa zai buɗe baki ya kira sunan mahaifiyarsa? Ko surukar ce za ta tsaya tsakar gida tana kwaɗa wa sunan uwar mijinta kira? Dole sai an yi alkunya, shi ya sa gidaje suka cika da Ummi da Walida da Mama da Hajiya ƙarama. To ga In'am nan da ɗiyata ta ce mai kyau ne. Na yanka na Hajiya, na kira na maijego, kowa ya samu.

Maman Afnan:
Goggo Allah Ya bar mana ku. Wannan kam ko ni ce na yarda.

Baban Khalifa:
Malam saura ɗaya, huɗubar sai na jira ranar sunan? Kuma ƙanina yana cewa kwana bakwai Litinin ne ba Talata ba.

Malam na Tudun Wada:
Ba sai ka jira ba, Annabi ya ce an haifa min ɗa a daren nan na sa masa sunan babana Ibrahim, ka ga a ranar ya sa. Yanka da aski su ne na ranar bakwai. Lissafin kuma a mazhabar Malikiyya ba a ƙirga ranar haihuwa in bayan alfijir aka haihu, haka yake a Risala, shi ya sa a ƙasar nan wanda aka haifa Talata sunansa Talata. Masu ƙirgawa da ranar su ne za su ce Litinin, su ma suna da malamansu, kar ku yi faɗa da ƙaninka a kai. Rago ɗaya ya isa.

Baban Khalifa:
Jama'a Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na kai mata wayar ta karanta da kanta tun daga sama, da ta zo wajen ayar A'araf ta yi shiru ta ɗauko Alƙur'ani mai fassara ta duba, sannan ta ce a sa na Hajiya amma In'am za ta riƙa kiranta, da kasra. Bayan sallar isha'i na yi mata huɗuba da Khadija. Da na je na gaya wa Hajiya sai da ta yi hawaye, ta sa mana albarka, ta ce ita dai takwararta Talatu za ta ce mata. A katin asibiti na rubuta Khadija ba t a ƙarshe kamar yadda ɗan'uwa na Damagaram ya ba da shawara. Suna Talata in sha Allahu bayan sallar asuba a ƙofar gida, wanda yake kusa ya zo a yi addu'a tare.